Isaac Roberts, Ɗan Manomi Mai Ɗaukar Hoton Taurari

An haifi Isaac Roberts a 1829 a yankin Wales na Birtaniya. Ɗan manomi ne, sana'arsa gini, bai yi jami'a ba. Da kuɗin ginin ya sayi babban madubin hangen nesa a 1885, ya haɗa masa kyamara. Yakan bar ta a buɗe har sa'o'i uku tana bin taurari, sai ɗan hasken da ido ba ya gani ya taru. Da haka ya ɗauki hoton Kaza da 'Ya'yanta, da na zoben iskar gas da tauraro ke fesarwa in ya kusa mutuwa. Ya rasu a 1904. Taurarin da ya yi wa haƙuri suna nan bisa gonakinmu, inda fitilun birni ba sa dusashe su.