Woodrow Wilson: Malamin Makarantar Da Jiragen Nutso Suka Ja Zuwa Yaƙi

 

Duk wanda muka zauna aji huɗu tare zai tuna ranar da malaminmu na tarihi ya rubuta Lusitania a allo, ya ce wannan jirgin ruwa ne da Jamusawa suka nutsar, shi ya sa Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko. Muka kwafa, muka haddace, muka zuba a jarrabawa. Mu 'yan Sabon Birni da Isa a lokacin ba wanda ya taɓa ganin teku. Babban ruwan da muka sani shi ne gulbin Rima in ya kawo da damina, babban jirgi kuwa kwalekwalen fito. Sai bayan na yi ritaya na sami sukunin karatu, sa'an nan na gane cewa tsakanin nutsewar Lusitania da shigar Amurka yaƙi akwai kusan shekara biyu cur, kuma Ba'amurke na farko da ya mutu a irin wannan hari yana cikin wani jirgi ne da ya nufo gaɓar Afirka ta Yamma. Malam bai faɗi ƙarya ba, minti arba'in ne ba su ishe shi ba. Abin da nake so in ba ku yau shi ne tarihin mutumin da nauyin waɗannan shekaru biyu ya faɗa a kansa, wanda shi ma malamin makaranta ne.

An haifi Thomas Woodrow Wilson ranar 28 ga Disamba 1856 a garin Staunton na jihar Virginia. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi ƙuruciyarsa a kudancin Amurka, ya ga yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 da idonsa, har cocin mahaifinsa a garin Augusta aka mai da asibitin sojoji. Yaro ne mai nauyin karatu, sai da ya wuce shekara goma kafin ya iya karatu sosai. Malamanmu da suka yi ta haƙuri da irinmu, ga abin ƙarfafa gwiwa. Ya gama jami'ar Princeton a 1879, ya gwada aikin lauya a Atlanta bai sami kasuwa ba, ya koma karatu har ya sami digirin dakta a jami'ar Johns Hopkins a 1886. Daga nan sai koyarwa. A 1902 aka naɗa shi shugaban jami'ar Princeton, a 1910 ya ci zaɓen gwamnan jihar New Jersey, a 1912 kuma ya ci shugabancin ƙasa, domin abokan hamayyarsa sun rabu biyu tsakanin Taft da Roosevelt. Cikin shekara uku mutum ya tashi daga harabar makaranta zuwa fadar shugaban ƙasa, kuma da halin aji ya tafi: yana da tsabtar magana, yana son a saurare shi, ba ya son musu.

Yaƙi ya ɓarke a Turai a Agustan 1914, a makon da matarsa Ellen ta rasu. Cikin wannan baƙin ciki ya shelanta cewa Amurka 'yar ba-ruwanmu ce, ya roƙi mutanensa kada su goyi bayan kowa ko da a zuci. Amma mu mutanen kan iyaka mun san yadda wannan magana take. In biyu suna faɗa, kai kuma kana ɗiba wa ɗaya hatsi bashi daga rumbunka, ɗayan ba zai yarda cewa ba ruwanka ba. Ingila ta tare hanyoyin teku, ta hana abinci da kaya isa Jamus, saboda haka cinikin Amurka kusan duk ya koma Ingila da Faransa. Ya zuwa 1917 bankunan Amurka sun ba su rancen fiye da dala biliyan 2, alhali abin da Jamus ta samu bai kai miliyan 30 ba.

Jamus ba ta da jiragen yaƙin da za su karya wannan shinge, sai jirgin nutso, wanda ke tafiya ƙarƙashin ruwa ya harba nakiya mai gudu da kanta ta fasa cikin jirgi. Tsohuwar ƙa'idar yaƙin teku ita ce a tsai da jirgin farar hula, a bincike shi, a bar mutane su shiga kwalekwalen tsira kafin a nutsar da shi. To amma jirgin nutso in ya ɓullo sama ba shi da ƙarfi, harsashi ɗaya ya ishe shi, ga shi Ingila ta fara ɗora bindigogi a jiragen 'yan kasuwa, ta kuma umurce su su banke duk wanda ya ɓullo. A Fabrairun 1915 Jamus ta ce duk ruwan da ke kewaye da Ingila fagen fama ne. Wilson ya aika mata cewa zai kama ta da alhakin duk ran Ba'amurken da ya salwanta.

Ba a jima ba aka gwada shi. Kamfanin Elder Dempster shi ke da jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da gaɓarmu; su ke kawo razdanoni da joji-joji da wasiƙu, su ke fita da gyaɗa da fatun Arewa, kuma yawancin masu zuba kwal a injinansu 'yan Afirka ta Yamma ne. Ranar 27 ga Maris 1915 ɗaya daga cikinsu mai suna Falaba, sunan wani gari a Saliyo, ya bar Liverpool da mutum wajen 240, cikinsu har da ma'aikatan mulkin mallaka masu komowa Nijeriya daga hutu. Washegari jirgin nutso mai lamba U-28 ya tsai da shi, ya ba da 'yan mintoci a sauka, sa'an nan ya harbe shi tun mutane na kokawar sauke kwalekwale. Mutum 104 suka mutu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Leon Thrasher, injiniyan haƙar ma'adinai Ba'amurke mai hanyar zuwa Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Jamusawa suka ce jirgin na ɗauke da harsashi da albarushi, kuma gaskiya ne yana ɗauke da su. Wilson ya yi ta jujjuya maganar makonni, bai ce komai ga Jamus ba tukuna.

Yana cikin jujjuyawar sai ga Lusitania. Ranar 7 ga Mayu 1915, kusa da gaɓar ƙasar Ayalan, jirgin nutso U-20 ya harbe shi ba gargaɗi, ya nutse cikin minti 18. Kusan mutum 1,200 suka halaka, har da mata da jarirai, Amurkawa 128. Da muna aji waɗannan lambobi ne kawai na ci jarrabawa. Amma mu da muka ji abin da aka yi wa matafiya a Gidan Bawa a Disamban 2021, inda 'yan bindiga suka ƙone mutum fiye da 20 cikin motar da ta taso daga Sabon Birni, mun san yadda zuciya ke yi in an kashe wanda laifinsa kawai ya biya kuɗin mota ya zauna. Haka zukatan Amurkawa suka yi. Jaridu suka yi ca, Roosevelt ya ce a ɗau mataki. Wilson kuwa bayan kwana uku ya tsaya a Philadelphia ya nuna cewa akwai mutuncin da ke hana mutum shiga faɗa. Wannan magana ta jawo masa gori har ƙarshen ransa.

A nan ne, a ganina, tarihin ya fi daɗin nazari, domin an matsa masa ta fuska biyu. Sakatarensa na harkokin waje, William Jennings Bryan, ya ce in da gaske ba ruwan Amurka, to a hana Amurkawa shiga jiragen ƙasashen da ke yaƙi, musamman masu ɗauke da harsashi kamar Lusitania, a kuma yi wa Ingila faɗa kan yunwar da take jefa Jamusawa ciki kamar yadda ake yi wa Jamus. Wilson ya ƙi. A wurinsa Ingila dukiya take tarewa, dukiya kuwa ana biya; Jamus rai take ɗauka. Kuma yana ganin in ya yarda aka hana Ba'amurke haƙƙinsa na tafiya inda ya so, gobe wani haƙƙin za a taɓa. Bryan ya ajiye aiki a watan Yunin 1915 maimakon ya sa hannu a wasiƙa ta biyu zuwa Jamus. Ni dai na fi karkata ga Bryan. Wilson ya ɗaura zaman lafiyar ƙasarsa a ƙafar duk wani matafiyi da ya ga damar shiga jirgin Ingila, ya kuma bar wa matuƙin jirgin nutso, wanda ke leƙe ta madubi cikin hazo, ya yanke ranar da Amurka za ta shiga yaƙi.

Duk da haka dabararsa ta yi aiki na ɗan lokaci. Bayan an nutsar da jirgin Arabic a Agustan 1915, Jamus ta yi alkawarin daina taɓa jiragen fasinja ba gargaɗi. Da aka harbi jirgin fito Sussex tsakanin Ingila da Faransa a Maris 1916, Wilson ya yi barazanar yanke hulɗa, Jamus ta sake alkawari a watan Mayu. Da wannan ya shiga zaɓen Nuwamban 1916, magoya bayansa na yabonsa cewa ya tsare su daga yaƙi, ya ka da Charles Hughes da ƙyar, ƙuri'ar wakilai 277 da 254.

Bai ko sake rantsuwa ba alkawarin ya warware. Hafsoshin Jamus suka yi lissafin cewa in sun nutsar da duk jirgin da suka gani, yunwa za ta durƙusar da Ingila cikin wata biyar zuwa shida, kafin sojan Amurka ya haye teku. Ranar 1 ga Fabrairu 1917 suka fara. Ranar 3 Wilson ya yanke hulɗa. Sai kuma Ingilishi suka tono wata wayar sirri da ministan harkokin wajen Jamus, Zimmermann, ya buga, inda yake zuga Meziko ta yaƙi Amurka a mayar mata da Texas da Arizona da New Mexico. A tsakiyar Maris aka nutsar da jiragen Amurka uku cikin 'yan kwanaki. Ranar 2 ga Afrilu malamin nan ya tsaya gaban majalisa ya nemi izinin yaƙi. Dattawa 82 suka yarda, 6 suka ƙi. A majalisar wakilai 373 da 50. Ranar 6 ga Afrilu 1917 Amurka ta shiga.

Jiragen gaɓarmu ba su huta ba. A wannan watan aka nutsar da Abosso, a ranar 28 ga Nuwamba kuma aka nutsar da Apapa, wanda ya taso daga Ikko, saura kaɗan ya isa Liverpool, mutum 77 suka mutu. Amma lissafin Jamus bai fita ba, don an koma tafiya ayari, jiragen yaƙi na rakiya, kamar yadda fataken da suke yi. Aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918, bayan Amurka ta yi asarar soja wajen 116,000, da yawansu cuta ce ta kashe su.

Wilson ya tafi taron sulhu na Faris a 1919 da manufofinsa 14 da burin kafa ƙungiyar da za ta hana ƙasashe yaƙi, wadda ita ce uwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yau. A Turai an tarbe shi kamar mai ceto, domin yana maganar kowace al'umma ta zaɓi makomarta. Sai dai al'ummar da yake nufi ba ta haɗa da mu ba. Gobirawan da iyakar Ingila da Faransa ta raba, na Sabon Birni nan, na Tsibiri can, ba wanda ya tambaye su. Kamaru, inda sojojin Nijeriya suka yi yaƙi daga 1914 zuwa 1916, aka raba ta tsakanin Ingila da Faransa da sunan riƙon amana. Da Japan ta kawo shawarar a rubuta cewa jinsunan mutane daidai suke, ta sami rinjaye, amma Wilson da ke shugabantar zaman ya ce sai kowa ya yarda, maganar ta mutu. A gida ma a zamaninsa ne aka raba baƙaƙe da farare a ofisoshin gwamnatin tarayya. Ba na iya ba ku tarihinsa in ɓoye wannan.

Ƙarshensa abin tausayi ne. Majalisar dattawa ta ce ba za ta amince da yarjejeniyar ba sai an yi gyare-gyare, shi kuwa halin nan na rashin son musu ya hana shi sassautawa. Ya shiga jirgin ƙasa yana zaga jihohi yana jawabi har ya faɗi a jihar Colorado a Satumban 1919, ranar 2 ga Oktoba kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Matarsa ta biyu, Edith, wadda ya aura a Disamban 1915, ita ta riƙa tace wanda zai gan shi da takardar da za ta isa gare shi har ƙarshen mulkinsa a Maris 1921. Majalisa ta ƙi yarjejeniyar a Nuwamban 1919, ta sake ƙi a Maris 1920, Amurka ba ta taɓa shiga ƙungiyar da shugabanta ya kafa ba. An ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya ta 1919. Ya mutu a Washington ranar 3 ga Fabrairu 1924 yana da shekara 67. A 2020 jami'ar Princeton, inda ya yi ɗalibta ya koyar ya kuma shugabanta, ta cire sunansa daga makarantarta ta nazarin harkokin mulki saboda wariyar launin fata.