Alhaji Aliyu Namangi: Makahon Da Ya Yi Wa Masu Ido Jagora

Duk wanda ya saba zama a tashar mota ko bakin kasuwa a ƙasar Hausa, da wuya a ce bai taɓa jin makaho yana rera Waƙar Infiraji ba. Jama'a da dama sun haddace baitocinta, amma ba kowa ya san cewa wanda ya tsara ta shi ma makaho ne ba. Shi ne marigayi Alhaji Dokta Aliyu Namangi na Zariya.

An haife shi a ƙasar Zazzau wajen shekarar 1894, watau kafin Turawa su ci ƙasar Hausa, kuma ciwo ya tafi da idanunsa tun yana ɗan ƙaramin yaro. A wancan zamani babu makarantar makafi a Arewa, domin ta Gindiri sai a 1953 aka buɗe ta, lokacin yana dab da shekara 60. Haka nan rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, wanda Louis Braille na Faransa ya bayyana a 1829, bai yaɗu a ƙasar nan ba.

Abin da ya buɗe masa ƙofar ilimi shi ne tsarin karatunmu na zaure. Malam yakan karanta nassi a bayyane, ya fassara shi kalma bayan kalma, sa'an nan ɗalibi ya biya. Da yake da murya ake ba da karatun, mai kunne da basira ba ya rasa rabonsa. Ta haka Malam Aliyu ya yi karatun Alƙur'ani da littattafan addini, har ya zama malami da kansa.

A zuci yake tsara waƙoƙinsa, wasu su rubuta masa. Infiraji, wadda ita ce bakandamiyarsa, ƙwar biyar ce, kuma kowane baiti da amsa-amo iri ɗaya yake ƙarewa, abin da ya sa take da sauƙin hadda ga wanda ba ya duba takarda. A cikinta ya yi yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi game da ruɗin duniya, da mutuwa, da kwanciyar kabari. Ban da ita akwai Nuniyya, da kuma Waƙar Keke mai ban dariya, wadda ta nuna shi ba mutum ne mai ɗaure fuska kullum ba.

Kamfanin NNPC na Zariya ya buga Infiraji, aka riƙa nazarinta a makarantun sakandare da jami'o'i. Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa na Dokta. Ya rasu a 1990, yana da shekara fiye da 90.

Akwai abin lura a tarihinsa ga ma'aikatan gwamnati da ɗaliban yau. Ilimi da sanarwar hukuma sun tashi daga zaure sun koma shafukan intanet, inda ake cike takardun jarrabawa da na neman aiki. Makaho na iya shiga da taimakon manhaja mai karanta masa rubutu da murya, tamkar malamin zaure. Amma idan an ɗora hoto babu bayani a rubuce, ko aka ɗauki hoton sanarwa aka liƙa maimakon a buga ta, manhajar ba ta da abin karantawa, ƙofa ta rufe ke nan. Tun 1999 ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idojin gyara wannan, kuma a Janairun 2019 aka sa hannu a dokar Nijeriya da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci.

Saboda haka ya kamata kowace ma'aikata, daga Dutse har sakatariyar Birnin Kudu da Gwaram, ta tabbata makaho na iya amfani da shafinta ba tare da ɗan jagora ba. Da a ce malaman Zazzau sun ba da karatu ga masu ido kaɗai, da ba a sami Infiraji ba. Allah Ya jiƙan Malam Aliyu, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.