Tiyodor Bilharz, likitan da ya gano tsutsar tsargiya

An haifi Tiyodor Bilharz a shekara ta 1825 a Sigmaringen, wani ƙaramin gari na ƙasar Jamus. Tun yana yaro yake son duban ƙwari da tsirrai. Da ya girma, sai ya yi karatun likita.

A 1850 ya tafi ƙasar Masar, ya kama aiki a asibitin Kasar al-Aini, cikin birnin Alƙahira. A lokacin nan manoman bakin kogin Nilu da yawa suna fitsarin jini. Suna ramewa, kullum a gajiye, aikin gona yana gagarar su. Ba wanda ya san mafarin ciwon.

A 1851 Bilharz yana binciken gawar wani majinyaci, sai ya ga wata siririyar tsutsa cikin jijiyar jini. Tsawonta bai wuce santimita ɗaya ko biyu ba. Ya ci gaba da bincike, har ya iske ƙwayayenta cikin mafitsara. Su ne ke yi wa mafitsara rauni, jini ya riƙa zuba. Jinin da ke raguwa kaɗan-kaɗan shi ke kawo kasala da gajiya. Wannan ciwo shi ne tsargiya.

A 1862 Bilharz ya yi rakiyar wasu matafiya zuwa Masawa, bakin Bahar Maliya. Can zazzaɓi mai tsanani ya kama shi. Ya komo Alƙahira ya mutu, yana da shekara 37.

Bilharz bai kai ga sanin yadda tsutsar ke shiga jiki ba. Sai a 1915 Robert Leiper ya nuna hanyar a Masar. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe, ƴaƴan su shige dodon-koɗi. Bayan ƴan makwanni su fito, su huda fatar mai wanka ko mai wanki.

Har yau akwai tsargiya a tabkunan Nijar da bakin kogin Kwara. Amma tana da magani a likita. Don tunawa da Bilharz, likitoci suka laƙaba wa ciwon sunansa: bilharziyoz.

Tambayoyi
1. Ina Bilharz ya yi aiki?
2. Me ya sa mai tsargiya yake gajiya?
3. Don me aka hana fitsari cikin tabki?