WALIYYI NUNO NA FOTUGAL: SOJA, MAGINI, MAIGIDA

A ranar 6 ga Nuwamba Ikkilisiya takan tuna da Waliyyi Nuno Alvares Pereira, mutumin Fotugal. Mun ga ya dace mu dubi rayuwarsa, domin ba a fagen fama kaɗai ake gane jarumi ba. Abin da ya yi da nasara bayan an mai da takobi kube, shi ne ma'auninsa.

An haifi Nuno a shekara ta 1360. Yana ɗan shekara 16 ya auri Leonor de Alvim, bisa ga nufin mahaifinsa. Allah ya ba su 'ya'ya uku, amma maza biyu suka rasu tun suna jarirai, sai 'ya mace ɗaya, Beatriz.

Da Sarki Fernando ya rasu a 1383 ba ɗa namiji, sai sarkin Kastil, a ƙasar Sifen ta yau, ya nemi haɗe Fotugal da mulkinsa. Nuno ya tsaya wa ƙasarsa, sabon sarki Joao na Ɗaya kuma ya naɗa shi babban sarkin yaƙi. A ranar 14 ga Agusta 1385, a Aljubarrota, rundunarsa ta fatattaki mayaƙan Kastil, ko da yake sun ninka su yawa. Wannan nasara ce ta tabbatar da 'yancin Fotugal.

Sarki ya saka masa da garuruwa da gonaki, har ya zama ba mai arzikinsa a ƙasar in ban da sarki. A nan ne gwaji na ainihi ya zo. Nuno bai manta da waɗanda suka zub da jini tare da shi ba: ya raba wa abokan yaƙinsa rabo daga cikin filayen da aka ba shi. Matarsa ta rasu kafin ya cika shekara 30, ya ƙi sake aure, ya damƙa renon Beatriz a hannun mahaifiyarsa. A 1401 ya aurar da ita ga Afonso ɗan sarki, kuma daga zuriyarsu ne gidan Braganza ya fito, wanda ya hau gadon sarautar Fotugal a 1640.

Sai ya juya ga gini. Ya gina majami'u da dama saboda girmama Uwargida Maryamu. Mafi girma shi ne gidan sufayen Karmel a birnin Lisbon, wanda ya fara a 1389 a kan gangaren tudu. Sau biyu harsashi yana zaftarewa, sau biyu yana sa a sake tonawa, bai karaya ba har aikin ya tsaya. Girgizar ƙasa ta 1755 ta rushe rufin majami'ar, amma bangayenta suna nan tsaye.

Bayan rasuwar Beatriz, ya raba dukiyarsa ga jikokinsa. A 1423 ya shiga gidan da ya gina da kuɗinsa, ba a matsayin shugaba ba, sai ƙaramin ɗan'uwa mai hidima, yana ciyar da matalauta a bakin ƙofa. Ya rasu a 1431. Paparoma Benedict na 16 ya sanya shi cikin waliyyai a ranar 26 ga Afrilu 2009.

Mu da Allah ya ba iko, ko gida, ko abin hannu, bari mu tambayi kanmu: wa muka tuna da shi a ranar samu? Waliyyi Nuno, ka yi addu'a dominmu.