Waddington, Jakadan da ya Rubuta Sunan Barwa a Birnin Landan

An haifi William Henry Waddington a ƙasar Faransa ranar 11 ga watan Disamba 1826, amma ubansa Baturen Ingila ne, mai masaƙar auduga. Yaron ya yi karatunsa mai zurfi a Ingila, a jami'ar Cambridge, har ya shiga cikin ƴan tseren kwale-kwale na makarantar a 1849. Tun farko bai nufi siyasa ba. Malami ne mai binciken kayan tarihi, ya yi yawo a Turkiyya da Siriya yana kwafar rubutun duwatsu, yana tara tsofaffin kuɗi.

Masifar da ta auka wa birnin Pari ita ta fito da shi fili. A 1870 sojojin Jamus suka kewaye birnin wata huɗu, yunwa ta kai mutane ga cin dawaki. Da yaƙi ya ƙare, talakawan birni suka yi tawaye a watan Maris 1871, gwamnati da majalisa suka zauna Versailles, kuma daga can aka turo sojan da suka murƙushe tawayen a watan Mayu, jini ya zuba ƙwarai. A shekarar nan ce aka zaɓi Waddington ɗan majalisa. Shekara takwas Pari tana da sunan babban birni, alhali wakilan ƙasa na tsoron zama cikinta.

Ya riƙe ministan ilimi, sannan na harkokin waje. A watan Fabrairu 1879 shugaban ƙasa Jules Grévy ya ba shi jagorancin gwamnati. Mulkin bai cika shekara ba, amma a cikinsa aka yafe wa wani sashe na ƴan tawaye, aka gyara tsarin mulki a watan Yuni, majalisa ta koma Pari kafin ƙarshen shekara. A ganinmu wannan shi ne mafi girman aikinsa, ko da yake ba a cika tuna shi da shi ba.

Kafin haka, a taron Barlin na 1878, ya san Lord Salisbury na Ingila, wanda ya nuna masa ba za a hana Faransa kama Tunisiya ba. Mutanen biyu suka sake haɗuwa sa'ad da Waddington ya zama jakada a Landan, daga 1883 zuwa 1893. Ranar 5 ga watan Agusta 1890 suka sa hannu kan takardar da ta shafe mu. Faransa ta bar wa Ingila Zanzibar, Ingila ta bar mata Madagaskar. Aka kuma ja layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barwa a bakin tabkin Cadi: arewa ta Faransa, kudu ta kamfanin Ingila, tare da duk abin da ke na daular Sakkwato. Ba a tambayi Sarkin Musulmi Umaru ba, ba a tambayi Shehu Hashimi na Barno ba. Su kansu masu sa hannun ba wanda ya taɓa taka ƙasar. Sunan Barwa a taswirar matafiya suka tsince shi.

Ba a jima ba Faransawa suka fara ƙorafin an bar musu rairayi, ba hanyar da ke da rijiyoyi. Aka yi ta gyaran layin a 1898 da 1904 da 1906, har ayarin Kyaftin Tilho ya zo ya auna ƙasa, ya kafa alamomi, iyaka ta bi kogin Kumadugu, ta raba Mobawa da sauran Barebari gida biyu. Waddington bai ga wannan ba. Ya faɗi zaɓen majalisar dattawa a farkon Janairu 1894, ya mutu a Pari ranar 13 ga watan.