Edwin Armstrong, Mutumin da Ya Ƙirƙiro Rediyon FM

Mun kawo muku tarihin wani mutum da kusan kullum muke cin moriyar aikinsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san sunansa.

An haifi Edwin Howard Armstrong a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 18 ga Disamba, 1890. Tun yana yaro yake harhaɗa wayoyi a gidansu. A shekarar 1912, yana ɗalibi a Jami'ar Columbia, ya gano hanyar ƙara wa rediyo ƙarfin kamo murya daga nesa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin soja a Faransa, inda a 1918 ya fito da dabarar da ke sa rediyo ya ware tasha ɗaya daga cikin sauran. Har yau ana amfani da ita.

Babbar matsalar rediyon wancan zamani ita ce ƙara, musamman idan ana tsawa. Armstrong ya shafe shekaru yana neman maganinta, har ya samu lasisin mallakar fasahar FM a 1933. Ya fara gwaji a saman dogon benen Empire State, amma a 1935 kamfanin RCA ya sa ya kwashe kayansa domin yana son wurin don gwajin talabijin. Bai karaya ba. Da kuɗinsa ya gina tasharsa a Alpine, cikin jihar New Jersey.

A 1945 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ɗauke FM daga mita 42 zuwa 50 ta mayar da shi sama da mita 88. Dubban akwatunan rediyon da mutane suka saya suka zama marasa amfani. Shari'ar da ya yi da RCA ta cinye masa dukiya da lafiya, ya mutu a farkon 1954 yana da shekara 63. Matarsa Marion ta ci gaba da ƙararrakin da ya bari, ta kuma yi nasara.

Rigimar rabon zangon sararin sama ba ta ƙare da shi ba. A 2008 FCC ta yarda a yi amfani da zangunan talabijin da babu tasha a kansu wajen aika intanet. Na'urar takan fara tabbatar da cewa zangon babu kowa a yankin, sannan ta shiga, domin kada ta dami masu kallo. Irin wannan zango yana tafiya nesa, yana kuma ratsa bango da bishiyoyi, shi ya sa ya dace da ƙauyuka.

Idan kun koma gida, ku duba fuskar rediyonku. Lambobin nan 88 zuwa 108 su ne wurin da aka mayar da Armstrong ba da son ransa ba.