Rudolf Diesel, mai injin gazuwal

Injin niƙan da ke cikin unguwa, da kamiyon da ke ɗauko albasa daga Galmi, da babban injin da ke ba gari wuta, yawancinsu gazuwal suke sha. Makanikai na ce ma irin wannan inji dizal. To, dizal sunan mutum ne. Sunansa Rudolf Diesel, Bajamushe.

An haife shi a birnin Paris ran 18 ga watan Maris na 1858. Uwayensa baƙi ne a Faransa, daga kudancin Jamus suka zo. Ubansa aikin fata yake yi, kamar dukawanmu, kuma gidan ba mai wadata ba ne. A 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa, aka ce Jamusawa su bar ƙasar. Suka gudu Landan. Daga can aka aika yaron, yana da shekara 12, wurin dangi a garin Augsburg don ya yi lakwal. Yaro ne mai kai. Ya wuce babbar makarantar injiniyoyi ta Munik, ya gama a 1880 da sakamako na gaba. Malaminsa Carl von Linde, mai ƙera injin ƙanƙara, ya ɗauke shi aiki a Paris.

Abin da ya dame shi tun yana ɗalibi shi ne ɓarna. A zamanin nan injin tururi ke aiki a masana'antu. In an zuba masa gawayi kashi goma, wajen kashi tara zafi ne da hayaƙi, kashi guda kaɗai ke zama aiki. Ga shi ƙato, ga tsada, sai mai babban jari ke iya sayensa. Diesel yana son inji mai tsimi, wanda maƙeri da masassaƙi da sauran masu ƙananan sana'o'i za su iya ajewa, kada manyan kamfanoni su haɗiye su.

Ga dabarar da ya yi. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san famfon yakan yi zafi a hannu. Iska in an matse ta, zafi take yi. Diesel ya ce a matse iska cikin inji ƙwarai da gaske, har ta yi zafin da in an fesa mai a ciki zai kama da kansa. Shi ya sa injin gazuwal ba ya bukatar tartsatsin buji kamar na isansi. Amma matsi irin wannan sai ƙarfe mai kauri. Nan nauyin injin ya samo asali, da ƙararsa, da jijjigarsa.

Ya samu takardar mallakar dabararsa a 1893. Wata masana'antar Augsburg, wadda daga baya ta zama MAN, da kamfanin Krupp suka zuba kuɗi. Gwajin farko, a shekarar nan, wani sashen injin ya fashe, Allah ya kiyaye shi. Shekara huɗu yana gyara yana sakewa. Sai a 1897 injin ya tashi yadda ake so: ƙarfin doki wajen 20, kuma cikin kashi 100 na man da ya sha, 26 sun zama aiki. Ya ninka na tururi ke nan, har da ɗori. Tsawonsa kuwa kusan mita 3. Wa zai sa wannan cikin mota?

Akwai wani abu da ya shafe mu. A babban bajekolin Paris na 1900, shekara guda bayan shigar Faransawa Damagaram, an tada wani injin dizal da man gujiya. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda ake noman gujiya. Injin ya yi aiki lafiya lau. Diesel ya riƙe wannan magana, ya yi ta faɗin cewa man tsiro zai yi amfani wata rana.

Kuɗi sun shigo masa. Wani attajirin Amurka mai suna Adolphus Busch ya biya mark miliyan guda don ya samu izinin ƙera injin a can. Diesel ya gina ƙaton gida a Munik. Amma gwanin inji ba lalle ne ya zama gwanin kasuwa ba. Ya sa dukiyarsa cikin harkokin da ba su yi riba ba, ga masu jayayya da shi kan dabarar, ga ciwon kai mai tsanani da ba ya barinsa. Injin kuma, maimakon ya je wurin ƙananan masu sana'a, sai ya tafi manyan masana'antu da jiragen ruwa, har da na yaƙi.

Ran 29 ga Satumba na 1913 ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Beljik za shi Ingila. Ya ci abincin dare, ya ce a tashe shi da safe. Da gari ya waye ba a gan shi ba, gadonsa ma ba a kwanta a kai ba. Bayan kwana goma wasu matuƙa suka ga gawa a teku, suka ɗauki ƴan kayan da ke aljihunta, ɗansa Eugen ya shaida na ubansa ne. Da aka duba, bashi ya ci dukiyar. Wasu sun ce shi ya jefa kansa, wasu sun ce kashe shi aka yi. Yana da shekara 55.

Ya mutu bai ga ana sayar da mota mai injinsa ba. Kamiyo ne ya fara samu, wajen 1924. Da kamfanin Bosch ya fito da famfon fesa mai a 1927, sai injin ya soma raguwa. A 1936 Mercedes ta fitar da motar shiga mai suna 260 D, ƙarfin doki 45. Su wa suka fi saye? Masu takisi. Attajiri ba ya son ƙara da wari, kuma kuɗin mai ba su dame shi ba. Shi ko mai takisi, kowace lita lissafi ce.

An daɗe a haka. Sai da mai ya yi tsada a duniya daga 1973, sannan a 1978 Mercedes ta sa dizal cikin babbar motarta ta manya, 300 SD, ta kai ta kasuwar Amurka. Daga 1997 aka samu sabuwar hanyar fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa, ƙarar ta ragu, gudu ya ƙaru. A 2006 wata Audi mai shan gazuwal ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Har ta kai rabin sabbin motocin da ake saye a Turai dizal ne.

Ni a ganina, in motar manya za ta yi doguwar hanya, kamar daga Yamai zuwa Agadas, dizal ya dace da ita, don yana da ƙarfin ja kuma tanki guda na kai shi nesa. In ko yawo ne cikin birni don a gani, ban ga amfaninsa ba, sai hayaƙi ga masu tafiya ƙasa.

Hayaƙin ne ma ya kawo cikas. A 2012 masu binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka tabbatar hayaƙin gazuwal na kawo dajin huhu. A 2015 aka kama kamfanin Volkswagen ya sa ma motoci wajen miliyan 11 wata dabarar ɓoye yawan gubar da suke fitarwa lokacin awo. Mutane suka ja baya. A 2018 Porsche ta ce ta daina dizal ɗungum, Bentley ma ta janye tata daga kasuwar Turai bayan ɗan lokaci kaɗan da fito da ita. Rolls-Royce kuwa tun asali ba ta taɓa sayar da motar shiga mai dizal ba. A 2023 sabbin motocin lantarki da aka saya a Tarayyar Turai sun fi na gazuwal yawa.